Makulli Na Uku

A shekarar da soja suka koma bariki aka miƙa wa farar hula mulki, ni ma na yi nawa juyin mulkin. Na ajiye alli bayan na daɗe ina koyar da lissafi a wata sakandare, na kama aiki a wani kamfanin kayan ƙarfe da ke Fagge. Kamfani dai a bakin faɗa. A ido kuwa bene ne mai hawa ɗaya, sito a ƙasa, ofis a sama, sai shaguna uku: ɗaya nan Fagge, ɗaya wajen Bata, ɗaya cikin Sabon Gari. Muna sayar da duk abin da ake rufe abu da shi ko a ɗaure shi: kwaɗo, sakata, sarƙa, igiya, akwatin ƙarfe, da manyan jakunkunan ledan nan masu zane-zane da ake cusa wa kaya idan tafiya ta kama.

Lokacin kowa tsari yake yi. Gwamnati na tsari, rediyo na tsari, har mai shayin ƙofar ofishinmu ya ce yana da tsarin shekara biyar. Mai kamfanin, Alhaji, dattijo ne da ya fara kasuwanci da tebur guda, bai ga dalilin da za a bar shi a baya ba. Babban ɗansa ya dawo daga karatun harkar kasuwanci, ma'aikata na kiransa Ƙaramin Alhaji, kuma shi ya zo mana da allo.

Farin allo ne babba, an kafe shi a bangon ofis. Kowane shago yana da layinsa, kowane wata yana da gurbinsa. Ana auna abu huɗu: yawan ciniki, saurin fitar kaya daga sito, saurin sallamar mai saye, da ƙarancin ƙorafi. A ƙarshen wata a haɗa, a shafa wa shago launi. Kore, an yi ƙoƙari. Ruwan ɗorawa, a shiga taitayi. Ja, ba sai an faɗa ba. Ni aka ɗauka in riƙa cika allon, saboda na iya jan layi a miƙe, kuma na saba ba mutane maki ba tare da na dubi fuskarsu ba.

Kada mai karatu ya ɗauka Ƙaramin Alhaji wawa ne. Yaro ne mai hankali da ladabi, kuma abin da ya kawo adalci ne. Kafin allo, manaja na samun ci gaba ne gwargwadon kusancin uwarsa da Alhaji. Yanzu an kafa doka a gaban kowa: shagon da ya riƙe kore har ƙarshen shekara, a nan za a gina babban kanti, manajansa ya shugabance shi, wanda ja ya zauna masa, a sallame shi, ko ɗan waye. "Allo ba shi da ɗan'uwa," in ji Ƙaramin Alhaji. Kuma ba a daɗe ba aka tabbatar. Manajan shagon Bata ɗan yayar Alhaji ne, ciki ɗaya. Ja ya zauna masa, aka sallame shi. Yayar ta zo ofis da kanta, ta hau benen nan da ƙyar tana dafa gwiwa, ta yi wa ƙaninta wankin babban bargo a gaban ma'aikata. Alhaji kuwa sai ya nuna mata allo da carbinsa.

Wanda dokar ta fi yi wa daɗi shi ne manajan Sabon Gari. Ibo ne, Kirista, ya ba hamsin baya, kowa Manaja yake ce masa. A Sabon Gari aka haife shi, a gidan da mahaifinsa ya gina lokacin da jirgin ƙasa ya kawo shi aiki, kuma a Kano aka binne mahaifin. Hausarsa ta fi tawa daɗi, don ni tawa ta sha alli, tasa kuwa ta kasuwa ce. Ya taɓa ce mini, "Malam, garinmu a Disamba kawai na san shi. In na je, yara har leƙe na suke yi, wai Bahaushe ya zo." Abin da yake so a duniya bai wuce ɗaya ba: ya tsufa a Kano, a gidan ubansa. Matarsa kuwa ta daɗe tana son su koma gida. Babban kantin nan shi ne hujjar da yake nema ya rufe mata baki da ita.

Sai garin ya fara ƙus-ƙus. Ba zan maimaita abin da ake faɗa ba. Wanda ya zauna a Kano a shekarun nan ya sani, wanda bai zauna ba kuwa ya ishe shi ya san irin jita-jitar nan ce da ke sa mutum ya dubi maƙwabcinsa sau biyu kafin ya gaishe shi. Babu wanda ya ga komai da idonsa. Kowa wani ne ya faɗa masa.

A daidai wannan lokaci layin Sabon Gari ya yi kore shar, ya kuma ƙi sauka. Kwaɗo na fita kamar ana rabawa kyauta. Sarƙa, igiya, akwati, jaka, sito ba ya kwana da su. Mun san cinikin Disamba, lokacin da mutanen kudu ke tafiya gida bikin Kirsimeti, har mun ware masa lissafinsa daban. Wannan kuwa da damina ya zo. Muka zauna a ofis muka nemo masa dalili, muka kuwa samu, don dalili ba ya wuyar samu ga wanda ke jin daɗi. Ƙaramin Alhaji ya ce ribar mulkin farar hula ce: mutane sun fara samu, kuma wanda ba shi da komai ba ya sayen kwaɗo. Na duba maganar ta kowane gefe ban ga inda ta karye ba. Gurbin ƙorafi kuwa fes yake, ko mutum ɗaya bai dawo da kaya ba.

Aka tura ni in je in gano sirrin nasarar, in rubuto, don sauran shaguna su kwaikwaya.

Da hantsi na hau acaɓa daga Fagge. Ban lura da komai a hanya ba sai da na sauka na ji muryata ta yi ƙarfi da yawa lokacin da nake sallamar ɗan acaɓan. Shagon cike yake da mutane. Na tsaya a bakin ƙofa ina neman abin da ya dame ni, na daɗe kafin in gane: ba a ciniki. A Kano, ko allura za ka saya sai ka taya, mai kaya ya ce albarka, ka yi kamar za ka tafi, ya kira ka. Nan kuwa mutum zai nuna abu, a faɗi kuɗi, ya biya, ya fita. Ba gardama, ba raha, ba "haba Manaja, yau kuma ni za ka yanka?" Saurin sallamar mai saye ke nan da nake shafa wa kore.

Wata mata mai ɗaurin zane biyu ta sayi babban kwaɗo. Kwaɗonmu da makulli uku yake zuwa, a zobe ɗaya. Ta tsaya nan gaban kantar shagon ta sa farce ta zare ɗaya, ta tura shi gaban Manaja. Ya ɗauka, ya sunkuya, na ji ƙarar ƙarfe a ƙarƙashin kantar. Ta fita. Wani dattijo da ke bayanta ya yi haka shi ma.

"Manaja, wannan kuma wane sabon tsari ne? Garabasa ake yi maka?"

"Shigo ta nan, Malam. Gani ya kori ji."

Na zagaya. A ƙarƙashin kantar ya kafa ƙusa biyu, ya ja waya tsakaninsu, makullai na rataye a jere, sababbi fil, duk iri ɗaya. Fankar tebur na juyawa, duk lokacin da iskarta ta biyo ta kansu sai su yi wani ɗan sauti, siriri, kamar awarwaron mace a ɗaki na uku.

"Al'adarmu ce," in ji shi, a hankali. "In za ka gida, sai ka bar wa maƙwabci makulli ɗaya, ko ruwa zai shiga ɗaki, ko wuta. To bana maƙwabcin ma tafiya zai yi. Wa za a bar wa? Sai wanda aka san ba ya tafiya."

"Kai ke nan."

"Ni ke nan. Sun ce Manaja ko an kore shi da sanda ba zai bar Kano ba."

"Amma ban ga suna a jikin ko ɗaya ba. Ta yaya za ka san na waye?"

Ya dube ni irin duban da nake yi wa ɗalibin da ya raba lamba da sifili. "Malam, ka yi boko har ka koyar. In na rubuta suna da lambar gida, me na rubuta? Jerin gidajen da babu kowa. In ya faɗa hannun ɓarawo fa? Mai makulli ya san makullinsa. In ya dawo, ya gwada da nasa, ya ɗauka."

Da azahar ta kusa ya bar wa ma'aikatansa shago, ya zare wayar makullan ya cusa a aljihun riga, ya ce in raka shi zagaye. Muka shiga layin gidansu. Rana tsaka ce, ƙasa na tururin ruwan da aka yi da safe. Igiyoyin shanya babu kaya. Teburin mai soya ƙosai a kife. Ƙofa bayan ƙofa, kwaɗonmu ne ke rataye, yana sheƙi. Na san su ɗaya bayan ɗaya, don ni na shafa musu kore. Ban taɓa ganin kayanmu sun yi kyau irin na ranar ba.

Muna tsakiyar layin aka kawo wuta.

Da ma an fi kwana biyu babu. A lokaci ɗaya ƙwayaye suka kama a barandun gidajen da ke kulle, da rana kata. Wata fanka ta fara juyawa a bayan taga, labule na motsi. Sai wani gida a gabanmu ya yi magana. Muryar namiji ce, mai nutsuwa, tana cewa sabuwar gwamnati ta yi alkawarin zaman lafiya da ƙaruwar arziki ga kowa. Wani gida can gaba ya amsa da kiɗa. Na tsaya cak.

Manaja ya yi dariya kaɗan. "Rediyo ce, Malam, ba aljanu ba. Sun tafi ne babu wuta, ba wanda ya tuna ya kashe komai. Shi ya sa nake zagaye."

Ya nufi gidan mai magana. Sai da ya ƙwanƙwasa ya yi sallama, ya saurara kamar mai jiran amsa, sannan ya fara gwada makullai ɗaya bayan ɗaya, rediyon na ta yi mana bayanin kasafin kuɗi ta cikin ƙyaure. Da ƙofar ta buɗe na leƙa daga waje. An wanke tukwane an kife. An lulluɓe kujeru da zane. Takalman yara biyu a jere bakin ƙofar ɗaki, ƙila sun yi kaɗan ne aka bar su. Ya shiga ya kashe rediyo, ya kashe ƙwan fitila, ya fito yana takawa a hankali kamar akwai mai barci. Haka muka bi layin gida gida, yana sallama, yana kashewa, har layin ya koma shiru kamar yadda muka same shi.

"Madam fa?" na tambaye shi a hanyar komawa.

"Madam ta haɗa kaya tun makon jiya. Kullum sai ta ce, kai kaɗai ne namiji a layin nan? Na ce mata ko ina so ba ni da ƙafar tafiya, amanar mutane na aljihuna. Ga kanti kuma na zuwa." Ya rage murya. "Malam, kada ka yi shelar wannan a ofis. Bakin ma'aikata ba shi da sakata. Ka faɗa wa Alhaji, ya isa."

Na faɗa wa Alhaji da ɗansa, mu uku a ofis, ƙofa a rufe. Alhaji ya daɗe yana jan carbi, ya ce, "Allah ya zaunar da mu lafiya. Malam, a bar maganar nan, kada mu yi wa gari mugun baki." Ƙaramin Alhaji ya saurara da kyau, fuskarsa ta canja, ya tambaye ni cikin girmamawa, "To Malam, a wane gurbi za mu sa?" Ba gatse yake yi ba, da gaske yake tambaya. Na dubi allon. Ciniki an yi. Kaya sun fita. An sallami mai saye da sauri. Ƙorafi babu, don wanda ya tafi ba ya ƙorafi. Babu ƙarya ko ɗaya a jikin allon. Na yi shekaru ina koya wa yara cewa lissafi ba ya ƙarya, ban taɓa koya musu cewa abin da aka tambaye shi kaɗai yake amsawa ba, don ni ma sai ranar na lura. Ƙaramin Alhaji ya ce mutanen za su dawo, in sun dawo kuma su ne masu sayenmu, don haka tsari na nan daram. Wannan ma ban ga inda ta karye ba.

Ƙarshen shekara aka yi ɗan biki. Aka ba Manaja agogon bango da takardar yabo, aka yi masa tafi, aka aza harsashin babban kanti a Sabon Gari. Matarsa da 'ya'yansa sun riga sun tafi. A shagonsa ta sayi jakunkunan da ta zuba kaya, da igiyar da aka ɗaure su a kan mota. Na sani, don sun shigo cikin lissafin watan, kuma wata ne mai kyau ƙwarai.

Ya zauna shi kaɗai a gidan ubansa, yana dafa wa kansa, yana zagayen makullai duk ranar da aka kawo wuta. Na kan biya in gaishe shi. Ya rame, amma bakinsa na nan. "Malam, yanzu ni ne mai unguwa, ni ne talakawa, ni ne ɗan doka. In na yi laifi sai in kama kaina."

Jita-jita ba ta mutuwa da shela, lafawa take yi. Wata rana aka ga an buɗe taga a layin. Bayan kwanaki mai ƙosai ta tayar da teburinta. Mutane suka fara dawowa, ɗaya-ɗaya, daga baya mota-mota. Kowa zai shigo kanti ya zaro makullinsa, ya jera da na kan waya har ya sami ɗan'uwansa, ya ɗauka. Wasu su kawo wa Manaja doya, wasu manja, wasu su rungume shi. Kwanakin nan wayar ta fara rage nauyi, har makullan suka zama 'yan tsiraru. Layin ya cika da kukan yara da faɗan mata a bakin famfo. Na shiga sabon kanti wata rana na tarar da wata tsohuwa ta ƙanƙame akwati tana cewa, "Wallahi Manaja ba ka da tsoron Allah, wannan gwangwanin za ka sayar mini haka?" Shi kuwa fuskarsa kamar an yi masa albishir da Aljanna. "Mama, taya! Taya mana, yau kwana nawa ba a zage ni ba!"

A watan ne na shafa masa ruwan ɗorawa.

Dalilin a fili yake ga mai ido. Kowane gida a Sabon Gari yana da sabon kwaɗo, da sarƙa, da akwati, da jakunkunan da za su ishe shi shekaru. Wa zai sake saye? Wanda ya shigo kuma sai ya yi rabin sa'a yana ciniki. Ƙorafi ya dawo: wannan kwaɗonsa ya yi tsatsa a damina, wancan zik ɗin jakarsa ya ɓalle a hanya. Ga babban kanti an cika shi da kaya har rufi, bisa lissafin bara. Ruwan ɗorawa ya koma ja, ja ya zauna. Ina tsaye gaban allon nan da jan alƙalami a hannu, ta taga ina jin Fagge na hayaniyarta, na san can ma Sabon Gari haka take, lafiya lau.

Aka kira taron ƙarshen wata. Alhaji a kan kujerarsa, manajoji uku a jere, ni a gefen allo kamar mai jiran a ce ya share. Ƙaramin Alhaji ya nuna dogon koren bara, ya nuna jan bana. Ya yi tambayar da littafinsa ya ce a yi a irin wannan hali, kuma na tabbata bai ji ta ba sai da ta fita daga bakinsa.

"Abin da za mu gano shi ne, me ya faru bara da bai faru bana ba? In mun gano shi, sai mu san yadda za a yi ya maimaitu."

Carbin Alhaji ya tsaya. Fankar sama kaɗai ke motsi. Na dubi ƙasa. Na ji kamar wani ya shigo ɗakin ya zauna tare da mu, wanda ba a gayyata ba, yana jiran a ba shi izini.

Manaja ya gyara murya. "Ranka ya daɗe, ba mu muka yi ba. Kuma ina roƙon Allah, da na coci da na masallaci duk ɗaya ne, kada ya maimaita mana."

"Amin," in ji Alhaji, da sauri. "Amin, amin."

Ƙaramin Alhaji ya zauna, ya rufe fuskarsa da hannu ɗaya.

Da a littafi ne, da nan labari ya juya. Amma akwai yayar Alhaji. Tun daga ranar da aka sallami ɗanta ba ta sake taka gidan ƙaninta ba, kuma tana da mai kai mata labarin allo duk wata. Aka ce ta aiko da saƙo gajere: tana jira ta ga ko allon da ba shi da ɗan'uwa yana da aboki. Alhaji ya kira ni bayan la'asar, ya ce, "Malam, babu yadda za a yi launin nan ya sauya?" Na ce sai dai a sauya tambayoyin. Ya ce in aka sauya su yau saboda mutum ɗaya, me zai faɗa wa wadda suka sha nono ɗaya? Tsuntsun da ya ja ruwa, in ji shi, shi ruwa kan doka. Ya jinkirta wata ɗaya, ya ƙara wani. Ja bai motsa ba.

An sallami Manaja da mutunci, da kyauta mai tsoka, da addu'a. Ya nemi wani aikin a gari, amma masu shaguna duk matsalarsu ɗaya a shekarar, kuma ba a rububin mai furfura. Can gida matarsa ta kama ɗan shago, yara sun shiga makaranta. Hujjarsa ta ƙare. Tsoro ya zo ya yi wata da watanni a ƙofarsa bai tayar da shi ba, sai ga jan alƙalami ya tayar.

Ranar da zai tafi ya aiko in same shi a kanti da hantsi. Na tarar da shi a gaban kanta, ba a bayanta ba, sabon manaja na kallonsa cikin jin nauyi. Ya nuna babban kwaɗo.

"Nawa?"

Sabon manajan ya ce, "Haba Baba, ɗauka kawai."

"A'a. Faɗi kuɗi in taya. Ba zan saya kamar mai gudu ba."

Suka yi ciniki sosai, har da rantse-rantse, har ya yi kamar zai fita aka kira shi. Da ya biya ya juyo gare ni. "Malam, ka tabbata ya hau allo. Ko ba komai na taimaka wa yaron nan da ciniki ɗaya." Sannan ya sa farce ya zare makulli na uku. Ya zaro wayar nan daga aljihu, da 'yan makullan da masu su ba su dawo ba, ya zura nasa a ciki, ya miƙo mini.

"Ni kuma? Ni a Fagge nake, Manaja."

"Ka taɓa kwana a wajen Kano?"

"Sau ɗaya, a Zariya. Ban yi barci ba."

"To ka gani. Wanda ba ya tafiya ake ba."

Na kai su gida na rataye a ƙusa a bayan ƙofar ɗakina. Sabon manaja ya san inda zai turo duk wanda ya zo nema. Wasu sun zo, na shimfiɗa musu tabarma suka gwada, suka ɗauki nasu. Wasu har yau. In fanka ta biyo ta kansu sukan yi ɗan sautin nan, maiɗakina ta ce in mayar da su cikin akwati, ni kuwa na ce amana ba a ɓoye ta inda mai ita zai sha wuyar gani.

Bayan tafiyarsa da 'yan watanni wani aiki ya kai ni Sabon Gari da rana, na ce bari in duba gidan. Layin cike yake, yara na buga ƙwallo, ana daka a wani gida. Ƙofarsa kaɗai ke da kwaɗo. Ina tsaye aka kawo wuta, yara suka yi ihun murna, sai na ga haske ya fito ta ƙasan ƙyauren.

Washegari na dawo da wayar. Na ƙwanƙwasa, na yi sallama, na saurara. Na gwada makullai har ɗaya ya juya. An share tsakar gida, an kife tukwane, an lulluɓe kujeru. Agogon bangon da muka ba shi na rataye a falo, ya tsaya. Rediyo a cire take daga bango, fanka ma haka, har wayoyinsu an naɗe. Ƙwai ɗaya ne ke ci, na baranda, wanda ke haska bakin ƙofa.

Na kai hannu kan makunnin zan kashe, sai na tsaya. Mutumin da ya yi damina guda yana bin gidajen mutane yana kashe abin da suka manta, wanda ya naɗe wayar fanka kafin ya fita, ba mantuwa ya yi ba.

Na janye hannuna, na fito, na mayar da kwaɗo.